Littafin da ya ƙone da wayar da ta tafi: nazari kan wani shagon yadi a Sakkwato

A watan Janairun 2021 gobara ta tashi a Babbar Kasuwar Sakkwato, ta cinye rumfuna masu yawa. Ta kawuna, yayan mahaifiyata, tana ciki. Shadda da atamfa da leshi da yadin maza yake sayarwa, kuma tun ban san kaina ba yake wannan sana'a. Kayan da wuta ta ci sun dawo a hankali, domin iyayen gidansa na Kantin Kwari a Kano sun san shi, sun ba shi kaya bashi ba tare da dogon zance ba. Abin da bai dawo ba shi ne wani littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa a ƙarƙashin kanta. A ciki yake rubuta wanda ya karɓi kaya, da nawa ya biya, da nawa ya saura, wani lokaci har da lambar waya a gefen shafi. Wasu masu tsoron Allah sun zo da ƙafarsu sun biya. Wasu kuwa har yau ba wanda zai iya cewa sun ci haƙƙi ko sun manta ne, domin shi kansa Kawu ba ya iya tuna adadin.

Na rubuta wannan nazari ne saboda na zauna cikin aikin gyaran tun daga farkonsa, kuma saboda na ga shaguna da yawa a Mabera da Tsohuwar Kasuwa da titin Emir Yahaya suna fama da irin ciwon nan ba su san sunansa ba. Suna cewa kasuwa ce ba ta tafiya, ko talla ce ba ta aiki. Sau da yawa gaskiyar ita ce ba su san wa ke saye a wurinsu ba, balle su san wa za su yi wa tallar.

Asara ta biyu ba wuta ce ta kawo ta ba. A shekarar 2022 Kawu ya sallami babban yaronsa, kamar yadda al'adar kasuwa ta tanada: ya yi shekaru yana hidima, an ba shi jari, an yi masa addu'a, ya buɗe nasa shago. Ba a yi faɗa ba, ba a yi cuta ba. Sai dai shi ne yake ɗaukar hoton kaya yana turawa, shi mata ke kira daga gida su ce a kawo musu turmi biyu su zaɓa, shi teloli ke yi wa waya. Duk wannan a kan layinsa ne, wanda aka yi wa rajista da lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa. Ranar da ya tafi, ya tafi da wayarsa, kuma yana da gaskiya, tasa ce. Mutanen da suka yi shekaru suna sayen kayan Kawu suka ci gaba da kiran lambar da suka sani, kaya kuma suka ci gaba da zuwa musu, amma daga wani shagon. Da yawansu ba su ma lura an sami canji ba.

Sai ga ƙaramar Sallar 2023. Wannan shekara ta zo da wahalar takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira, mutane suna kwana a layin banki, ciniki ya koma tiransifa. Ɗan Kawu, wanda ya karɓi wayar shago, ya ga mafita ita ce talla. Ya biya Facebook da Instagram, ya sa hotunan shadda masu kyau, a cikin goman ƙarshe na azumi. Saƙonni suka yi ta shigowa, amma daga Legas da Fatakwal da wasu garuruwan da ba mu da hanyar aika kaya cikin sauƙi, kuma yawanci tambayar farashi ce kawai. Ya kuma haɗa jerin aika saƙo a WhatsApp, ya cika shi da mutum 256, iyakar abin da jeri ɗaya ke ɗauka, bai san cewa irin wannan saƙo ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa ba. Lambar shagon sabuwa ce, kusan ba wanda ya ajiye ta. Aka yi Sallah ranar 21 ga Afrilu, kaya suna jibge.

Bayan Sallah ne mahaifiyata ta ce in je in duba, tunda aikin lissafi nake yi. Na tarar da Kawu a shago bayan la'asar. Na ce masa matsalar ta data ce. Ya ce ai kullum yana ba yara kuɗin data. Daga ranar na daina amfani da kalmar, na koma cewa bayanan masu saye, domin a bakin mutanenmu data ita ce abin da ake sawa a waya a shiga intanet, kuma duk wanda zai yi wannan aiki a kasuwa gara ya san haka tun da wuri.

"Wanga rubutu naka mi za shi gaya min da ban sani ba?" in ji shi. "Ni na san mutanena. Na san ubanninsu."

"Gaskiya ne, Kawu," na ce. "Amma ranar da kake Kano sari, wa ya san su?"

Bai amsa ba. Can ya fito da ainihin abin da ke ransa: yana tsoron duk abin da aka rubuta a kwamfuta wata rana masu haraji za su gani. Wannan tsoro ya zama ruwan dare tsakanin 'yan kasuwa, kuma ban raina shi ba. Abin da na ce masa shi ne cinikinsa ya riga ya koma banki, kowane alat yana rubuce a wani wuri ko ya so ko bai so ba, shi kaɗai ne ba ya amfana da rubutun. Na kuma tuna masa da abin da ya fi ni sani, cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi. Saboda ita ya riƙe baƙin littafin nan shekara da shekaru. Ya yi shiru, sannan ya ce in gwada, amma kada in taɓa littafin bashi, wannan nasa ne. Na yarda, kuma daga baya na gane sharaɗin nan alheri ne.

Muka fara da tattara abin da ke akwai. Wayoyi huɗu ne: ta Kawu, ta ɗansa, da na yara biyu. Sai kwafin rasit tun daga bayan gobara, waɗanda ke cikin wata jaka ba wanda ya taɓa buɗewa, sai takardar bayanin asusu daga banki. A nan na ga girman ɓarnar. Mace ɗaya tana wayar Kawu da sunan "Hajiya Arkilla", tana wayar ɗansa da "Hajiya mai leshi", a rasit an rubuta "Hajiya" kawai, a banki kuma sunan mijinta ne ya fito, ko na mai POS ɗin unguwarsu. Mutum ɗaya ya zama huɗu. Akwai lambobin da muka kira wani baƙo ya ɗauka, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na sake sayar da shi ga wani. Akwai 'yan sarin gabashin jiha da suka canza layi tun lokacin da aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 14 a watan Satumban 2021, tsofaffin lambobinsu kuma suna nan a wayoyinmu kamar suna aiki. Mako uku muka yi, ni da ɗan Kawu, da daddare, Kawu yana gefe muna karanta masa suna yana cewa wannan ita ce waccan, wannan ya rasu, wannan ya koma Gusau. Tarin da muke alfahari da shi ya zube ƙwarai. Abin da ya rage kaɗan ne, amma kowane layi mutum ne na gaske.

Daga nan muka yanke shawarwarin da nake ganin su ne ainihin tsarin, ba kwamfutar ba. Layi ɗaya ne na shago, da sunan Kawu aka yi masa rajista, wayar kuma a shago take kwana, a kanta aka sa WhatsApp Business. Kowane mai saye layin rubutu ɗaya yake da shi a jadawalin Google Sheets, kuma lambar wayarsa ce shaidarsa, ba suna ba, domin Hajiya da Alhaji sun yi yawa a Sakkwato. Ɗan Kawu ya so a rubuta abubuwa da yawa, har da ranar haihuwa da yawan 'ya'ya, kamar yadda ya gani a intanet. Na ƙi. Yaron shago da mutum uku ke jiransa ba zai cika gurbi ashirin ba, kuma magidanci ba zai ji daɗin a tambaye shi yawan iyalinsa don ya sayi yadi biyar ba. Muka tsaya kan sunan da ake kiran mutum da shi, lambarsa, unguwa ko gari, abin da ya saya, ranar da ya saya, ta yaya ya san shagon, da ko ya yarda a riƙa turo masa hoton kaya. Ranar kuwa da kalanda biyu muke rubuta ta, ta Bature da ta Musulunci. Wannan ƙaramin abu shi ya fi komai amfani.

Dalili shi ne kasuwar yadi da wata take tafiya, ba da Janairu da Fabrairu ba. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kimanin kwana 11, don haka ƙaramar Sallah ta faɗo 21 ga Afrilu a 2023, ta dawo 10 ga Afrilu a 2024, ta koma 30 ga Maris a 2025. Wanda ya kwatanta cinikin Maris na bana da na Maris na bara zai ruɗe. Da muka mayar da ranakun tsofaffin rasit zuwa watannin Musulunci, sai abu ya fito fili. Manyan cinikin shagon ba a cikin azumi suke ba. A Sha'aban suke, har da ƙarshen Rajab. Teloli ne ke zuwa su kwashi shadda da yadi kafin ɗinki ya yi musu yawa, da matan da ke sayarwa a cikin gidaje suna ba maƙwabta bashi a biya kaɗan-kaɗan kafin Sallah, da 'yan sari daga Illela da Gwadabawa da Tambuwal. Cunkoson da ake gani a goman ƙarshe, wanda ke sa a ɗauka lokacin ne kasuwa ke ci, na masu sayen turmi ɗaya ne da mayafi, kuma a lokacin yawancin teloli sun daina karɓar ɗinki. Wato tallar da aka biya a 2023 ta fita ne bayan masu kuɗin sun gama sayayya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kawu ya san teloli suna zuwa da wuri, ba zan ce bai sani ba. Abin da bai taɓa gani ba shi ne nauyinsu a kan sikeli ɗaya da sauran. Kuma akwai abin da ya ba shi mamaki sosai: matan da ke sayarwa a gida, waɗanda yawancinsu bai taɓa ganin fuskarsu ba saboda yara suke aikowa ko waya suke yi, su ne suka fi kowa dawowa. Su ne kuma aka fi rasawa lokacin da babban yaro ya tafi. Shagon ya yi shekaru yana tsaye a kan ƙafar da mai shi bai san da ita ba.

Gurbin "ta yaya ka san mu" ya faɗi nasa. Kusan kowa cewa yake telansa ne ya turo shi, ko wata 'yar'uwa, ko ya ga ankon wani biki ya tambaya. Waɗanda suka ce a Facebook suka gani ba su da yawa. Ban ce tallar intanet ba ta da amfani ba. Daga baya mun sake yin ta, amma an taƙaita ta ga Sakkwato da kewayenta, da kuɗi kaɗan, a cikin Sha'aban. Sauran kuɗin muka mayar wurin teloli: a kira su tun Rajab, a nuna musu sabon kaya kafin a baje shi, a yi musu ragi idan sun turo mutum. Kiran kuma Kawu ke yi da bakinsa, ɗansa yana miƙa masa sunaye. Saƙon da aka rubuta ba ya yin abin da muryar dattijo ke yi idan ya tambayi tela lafiyar mahaifinsa kafin ya ambaci shadda.

Gwaji na gaske ya zo ba mu shirya ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, hanyar Illela zuwa Birnin Ƙonni ta tsaya. Kowa a kasuwa ya san ciniki ya ragu, amma mu mun iya buɗe jadawali mu ga su waye suka ɓace, da irin kayan da su kaɗai ke ɗauka. Akwai wasu launuka da wani nau'in atamfa da kusan duk mutanen Ƙonni ke saye. Da Kawu ya tashi zuwa Kano sari, ya rage su, ya ƙara abin da 'yan cikin gari ke nema. Ga tsadar mota bayan cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun wannan shekara, ba lokacin ɗauko kayan da za su kwanta ba ne. Mutanen Ƙonni kuwa ba mu tura musu hoton kaya ko sau ɗaya ba a watannin nan, gaisuwa kawai da tambayar yadda suke ciki. Da aka buɗe iyakar a watan Maris na 2024, cikin azumi, wasunsu shagon Kawu suka fara sauka.

Ba komai ne ya tafi daidai ba, kuma kurakurai biyun da zan faɗa sun fi nasarorin koya mini abu.

A Sha'aban na 2024 muka tura hoton sabon leshi ga matan da ke cikin jeri. Ɗaya daga cikin lambobin ta wata baiwar Allah ce da ta rasu watanni kaɗan kafin nan, ba mu ji ba. 'Yarta ce ta riƙe wayar. Ta amsa da gajeren saƙo cewa mama ta rasu. Kawu bai ci abincin rana ba ranar. Washegari ya tafi gidan da kansa ya yi ta'aziyya. Tun daga lokacin, kafin kowane babban aike, sai an karanta masa jerin sunayen ya saurara, kuma duk wanda ya yi shekara bai saya ba, ba a tura masa talla, kira ake yi a gaisa tukuna. Bayanai suna tsufa kamar yadda mutane ke tsufa, suna ƙaura, suna mutuwa, kuma jadawali ba ya zuwa jana'iza.

Na biyu ya fi muni. Ɗaya daga cikin yaran ya kwafi lambar wata matar aure daga wayar shago, ya riƙa tura mata saƙo daga tasa da dare, wai tallar kaya. Mijinta ya zo shago. Bai ɗaga murya ba, ya ce wa Kawu, "Alhaji, don mutuncinka na bari iyalina su ba da lamba." Wannan magana ta fi zagi ciwo. A garin da mace ke ba da lambarta saboda an san gidan mai shagon, lambar nan amana ce, ba kayan shago ba ce. Doka ma tana nan: a watan Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma ba kowa 'yancin janye yardarsa da hana a yi amfani da bayanansa wajen yi masa talla. Tun 2016 ma hukumar sadarwa ta ba mutane lambar 2442 don toshe saƙonnin tallar da ba su nema ba. Amma a gaskiya ba tsoron hukuma ne ya gyara mu ba, kunyar mutumin nan ce. Aka sallami yaron. Jadawalin ya koma hannun mutum biyu kawai, Kawu da ɗansa. Yara suna rubuta sabon mai saye a takarda, da yamma a shigar. Saƙo ga mata ba ya fita bayan magariba, kuma ƙanwar ɗan Kawu ce ke kula da wannan ɓangare yanzu. Duk wadda ta ce a daina, a ranar ake cire ta. A nan ne na gode wa sharaɗin Kawu na raba littafin bashi da jadawalin talla, domin da a haɗe suke, yaron nan da ya ga har abin da ake bin kowane gida.

Maganar wuta ma ba mu manta ba. Jadawalin yana intanet, ba a cikin waya kaɗai ba, kuma duk ƙarshen wata ana buga shi a takarda a kai gida. Littafin bashi har yanzu da hannu Kawu ke rubuta shi, amma kowace Juma'a ɗansa yana ɗaukar hoton shafukan.

Idan aka tambaye ni abin da shagon ya samu, ba zan jingina komai ga jadawali ba. Shekarun nan farashin kaya ya yi ta hawa, kuɗin da ke shigowa ya ƙaru a kowane shago ko da yawan turamen da aka sayar bai ƙaru ba, don haka duk wanda ya nuna maka jimillar kuɗi kawai bai nuna maka komai ba. Abin da na gani da idona shi ne kayan da ke kwana bayan Sallah sun ragu sosai, kuɗin talla ya ragu alhali masu amsawa sun ƙaru, kuma da yawa daga cikin matan da suka bi tsohuwar lamba sun dawo, wasu suna saye a shagunan biyu. Kawu bai taɓa yarda a ce musu su bar tsohon yaronsa ba. Ya ce ɗansa ne, arzikinsa daban.

Wahalar da ta rage ita ce ta kullum. Ranar da kasuwa ta cika, rubutu ne abin da ake fara yarwa, kuma ranar ce bayanan suka fi daraja. A makon ƙarshe na azumin 2025 an yi kwanaki ba a shigar da ko mutum ɗaya ba. Har yanzu ban sami maganin wannan ba in ban da naci.

Akwai kuma tambayar da ke gabanmu. Yaron da ke biye ya kusa sallama, shekara mai zuwa in Allah ya kai mu. Shi ya kawo wasu daga cikin telolin da ke cikin jadawalin, da ƙafarsa ya bi su shago-shago a Runjin Sambo da Gawon Nama. Ɗan Kawu yana ganin sunayen na shago ne. Kawu yana ganin ba a sallamar yaro da jari a hana shi mutanen da ya yi wa wahala. Ni kuma na ce lambobin ba na ɗayansu ba ne, na telolin ne, su ya kamata a tambaya. Mun tsayar cewa bayan babbar Sallah Kawu zai kira su ɗaya bayan ɗaya, yaron yana zaune a gefensa.